Sunayen Manoman Gafasa da Suka Ɓace

Gaya,
Alhamis, 15 ga Mayu.

Zuwa ga Bappa Datti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ku da Inna Hure. Yaya ƙafar, yaya zafi? Na aiko wannan ta hannun Gaji mai babur, don na san ba ku jin magana sosai a waya, ni kuma in na fara da baki kuka ba zai bar ni in kai ƙarshe ba.

Satina biyar ke nan a ofishin ƙungiyar manoma, inda kuka roƙar mini Malam Badaru ya ɗauke ni gwaji. Babban ofishinmu na Kano ya ba da umarni a saka wata manhaja a kwamfutocinmu biyu. Aikinta, duk abin da aka ajiye a foldar ofis ta kwafe shi zuwa ma'ajiyar intanet, wadda a ofis ake ce wa "sama", na Kano su gani, mu ma mu gani. Abin da aka goge a wuri ɗaya kuma, ta goge shi ko'ina.

A babbar kwamfuta minti ashirin ta ɗauka. A ƙaramar da Malam Badaru yake tafiya da ita gida, kwana huɗu na yi ina fama. Da farko ta ƙi shiga sam. Sai a rana ta biyu na lura agogon kwamfutar yana nuna 1 ga Janairu, 2013, ɗan batirin cikinta ya mutu, ita kuwa manhajar ba ta yarda da kwamfutar da ba ta san kwanan wata ba. Na sayo batiri a wurin mai gyaran agogo. Daga nan sau uku saukarwar tana tsinkewa a kashi tamanin da uku, biyu saboda sabis, ɗaya saboda an kashe janareta. A ƙarshe bakin tasha na je na tsaya na sauke ta a wayata, na dawo na juye. Ta zauna ranar Alhamis, 8 ga wata, ƙarfe biyu da rabi.

Ranar Talata da safe aka nemi foldar garinmu Gafasa aka rasa. Sunayen manoma ɗari shida da goma sha biyu ne, da hotunansu, da awon gonakinsu, kuma da su za a raba ingantaccen irin gero na bana. Aikin wata uku, ba shi a takarda. Babu a nan, babu a Kano.

Shugabannin manoma suna zaune a ofis lokacin. Malam Badaru ya nuna ni da makullin motarsa ya ce, "Ga ta nan, mai digiri. Shekara tara ina ajiye sunayen mutane a kwamfutar nan, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ta zo ta sa mana abin da ya lashe su tas." Wani dattijo ya ce, "Yarinya, muna zamanmu a ƙasa, wa ya aike ki ki kai mu sama?" Aka yi dariya.

Malam Badaru ya rubuta wa Kano kada a tabbatar da ni a aiki, ya kuma hana ni taɓa kwamfuta. A benci nake wuni yanzu, kusa da sikeli.

Bappa, na bi abin da na yi ɗaya bayan ɗaya har sau bakwai, ban ga inda na kuskure ba. Abinci ba ya shiga. Ku sa ni a addu'a.

'Yarku,
Zulfa.

*

Gafasa,
17 ga Mayu.

Zulfa'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Takardarki ta iso, amma labarin ya riga ta. Jiya bayan Juma'a mutum uku suka tare ni, kowa yana tambaya ko gaskiya ne 'yar Datti ta cinye sunayensu. Na ce musu har da nawa a ciki, in ta ci to da ni ta haɗa. Innarki ba ta yi dariya ba, ta ce ba za ta je sunan gidan maƙwabcinmu Yusuf ba sai maganar ta kwanta.

Ni da Badaru ajinmu ɗaya a kwalejin horon malamai. Na san shi da baki, kuma tun yana yaro ba ya son a ce ya yi kuskure. Duk da haka kada ki fara da zarginsa. Shekara talatin da ɗaya na yi ina duba jarrabawa, yaron da ya fi kowa rantsuwa ya amsa daidai sau da yawa shi ne ya tsallake shafi. Ki sake dubawa na takwas. In naki ne, ki faɗa da bakinki kafin a faɗa miki. In ba naki ba ne, gaskiya ba ta ruɓewa.

Ki ci abinci. Innarki ta ba Gaji ƙullin dakuwa, ki ƙirga, guda goma sha biyu ne, na san hannunsa.

Allah ya yi miki albarka.

Bappanki,
Datti.

*

Gaya,
Talata, 20 ga Mayu.

Bappa,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina gaida Inna. Dakuwa goma ta iso.

Na duba na takwas, kuma ba nawa ba ne.

Malam Badaru ya hana ni kwamfuta, amma ya manta ina iya shiga ma'ajiyar ta wayata da sunana. Jiya Litinin, 19 ga wata, na shiga. Akwai shafin da manhajar take rubuta duk abin da aka yi, da lokacin, da na'urar da aka yi da ita, kuma shafin ba ya goguwa. Ga abin da na kwafo. Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe huɗu da minti hamsin da biyu na yamma, ƙaramar kwamfutar Malam Badaru ta goge foldar Gafasa. Ƙarfe biyar da minti goma, ita dai ta zuba bidiyo goma sha huɗu. Sunayensu: Bikin Juwairiyya, ɗaurin aure, Bikin Juwairiyya, kamu, wuni, buɗar kai, har zuwa kai amarya.

Bikin 'yarsa ne, Bappa. Mai ɗaukar hoto ya kawo masa, wuri bai isa ba, sai ya share mutanen Gafasa ya zuba biki. Kuma cikin foldar ofis ya zuba, duk sun hau Kano.

Ba rashin sani ba ne. Sau biyu na faɗa masa abin da aka goge a nan ya tafi ko'ina. Na rubuta a takarda na liƙa a murfin kwamfutar. Ya ɓanɓare ya ce, "Ai kin ce yana sama. Abin da ke sama wa zai taɓa shi?" Washegari da aka rasa foldar ya san abin da ya yi, ya dube ni ido cikin ido ya ɗora mini.

Ga abin da ba wanda ya sani sai ku. Sunayen ba su ɓace ba. Ma'ajiyar tana da kwandon shara da yake riƙe abin da aka goge kwana talatin. Na buɗe na gani, ɗari shida da goma sha biyu cif, naku ne na tamanin da bakwai. Dannawa ɗaya zan yi su dawo. Injiniyan Kano da zai iya gano haka ya tafi aikin Hajji.

Ba zan danna yanzu ba. Hajiya Hauwa'u, mai duba ofisoshi, za ta zo ranar Talata, 3 ga Yuni, ta zauna da shugabannin manoma. Kwana ashirin da biyu ke nan da gogewar, saura takwas kafin wa'adi, na lissafa sau uku. A gaban mutanen da suka yi mini dariya, a ɗakin da aka nuna ni da makulli, nan zan dawo da su. Kullum Malam Badaru ya wuce ta gaban bencina sai ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya." Ina amsawa da ladabi. Bari ya ci gaba da faɗar haka.

'Yarku,
Zulfa.

*

Gafasa,
22 ga Mayu.

Zulfa'u,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta takardarki sau biyu, na yi hamdala, sannan raina ya ɓaci da Badaru ɓacin da ban taɓa yi ba. Amanar da na ba shi ke nan. Ba zan ce ki yafe ba, ba ni aka wulaƙanta ba.

Amma ki saurare ni. Dagaci ya sanar cewa ranar Laraba, 28 ga wata, za a loda motar iri daga Kano, kuma da suna ake lodi. Unguwar da ba ta da sunaye sai zagaye na biyu. Hadari ya fara haɗowa ta gabas, an gama sharar gona, kowa ya gyara sungumi. Ruwan shuka ba ya jiran taron Hajiya.

Kin ce shafin nan ba ya goguwa. To ki dawo da sunayen yau, ki riƙe shaidarki zuwa ranar taro. Bulalarki tana hannunki, ba sai kin haɗa da bayan mutum ɗari shida ba.

Abu na biyu, a cikin bidiyon nan akwai matan mutane a wurin da suka ɗauka babu namiji. Juwairiyya ba ta yi miki komai ba.

Ina jiran amsa ta hannun Gaji.

Bappanki,
Datti.

*

Ofis,
Litinin.

'Yata Zulfa,

Sallama da gaisuwa. Wani abokina a ofishin Kano ya kira ni wai ya ga wasu hotunan gida a cikin kayan aiki. Ban san yadda aka yi suka shiga ba, kin san halin na'ura. In an tashi ki tsaya ki cire mini su a hankali, ba sai kowa ya ji ba. Maganar takardar da na aika Kano kuwa, abu ne da za a iya gyarawa, ni da bappanki ai ɗaya muke. Ki yaga wannan in kin karanta.

Babanki,
M. Badaru.

*

Gaya,
Laraba, 4 ga Yuni.

Bappa,

Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da shirun da na yi, na ga takardarku tun ranar. Na haɗo muku da wadda Malam Badaru ya tura mini a ƙarƙashin sikeli. Ban yaga ba. Na ce masa an hana ni taɓa kwamfuta, ba zan karya doka ba.

Na yi tunanin maganarku kwana biyu. Da na dawo da sunayen a ɓoye, cewa zai yi na'ura ce ta haɗiye ta kuma amayar, a rufe maganar a tsakanin manya, ni kuma in ci gaba da zama wadda ta kai mutane sama. Shi ya sa na jira.

Jiya aka yi taron, mutum goma sha tara. Malam Badaru ya tashi ya fara da cewa yaran yanzu takarda gare su ba aiki ba. Na ɗaga hannu. Na ce, "Hajiya, a ba ni minti biyar da majigi." Ya ce, "An hana ta." Hajiya ta ce, "Ni ban hana ta ba, Malam. Zauna."

Na haska shafin a bango, na karanta ranar da lokacin da sunan kwamfutar. Ya ce ƙarya ce, shi bai san wani bidiyo ba. Hajiya ta ce a buɗe ɗaya. Na riga na duba su duka, na ware wanda babu mace ko ɗaya, na ɗaurin aure. Sai ga Malam Badaru a bango, cikin babbar riga ruwan ƙwai, yana rabon goro yana washe baki. Dattijon nan da ya yi mini ba'a ya ce, "Af! Ashe da mu aka yi biki. Malam, an share mu an zuba goro, ko ɗaya ba a ba mu ba!" Ɗakin ya kece da dariya. Ni ban yi ba. Kallonsa kawai nake yi, yana share gumi da hularsa, sai da na ƙoshi.

Sannan na buɗe kwandon na danna. Minti shida sunayen suka dawo a kwamfutocin biyu. An karɓe masa ƙaramar kwamfutar da makullin ofis, an ce ya je Kano ranar Litinin ya yi bayani. Ni kuma an tabbatar da ni, za a aiko da takarda.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Da muka fito Hajiya ta tambaye ni, "Yaushe kika gano suna nan?" Na ce, "Kwanan nan, Hajiya." Ba ta ƙara tambaya ba.

Na ji an yi ruwa sosai a wajenku ranar Juma'a. An ce motar zagaye na biyu tana nan tafe. Ku gaya wa Inna ta fita ta shiga mutane, ba abin da za a ce mata yanzu.

'Yarku,
Zulfa.

*

Gafasa,
13 ga Yuni.

Zulfa'u,

Wa alaikumus salam. Ina taya ki murnar aiki. Sunanki ya wanku a garin nan, har ana cewa 'yar Datti ce ta ceto mu.

Ruwan shuka ya sauka ranar 30 ga Mayu. Iri ya iso jiya, 12 ga Yuni. Ba wanda ya iya jiransa. Masu sauran tsohon iri a rumbu sun shuka shi, ni ma haka. Yusuf ba shi da ko tiya, rabin gonarsa har yau fili ne. Jiya ya zo ya ce in isar miki da godiyarsa. Na ce masa to.

Ke mai son a faɗi kwanan wata daidai ce. Ranar 19 ga Mayu kika gano. Ban faɗa wa kowa ba, ko Innarki, kuma ba zan faɗa ba. Hajiya tana Kano, Yusuf yana nan, hanya kin san ta.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Datti.