Agogon Idi a Kan Ƙusa

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya zaman Damagaram? Ya maigidan, ya jikin Ummi? Mu nan Gaya lafiya lau.

Maganar Idinmu ce. Wani saurayi ya zo daga Yamai, wai yana auna motsin jikin masu raunin fahimta irinsa. Ga gilashi, ga turare, har na ce yau jarumin cikin littattafaina na soyayya ya fito fili. Ashe hoto ne kawai! Ya ɗaura wa Idi agogo mai ƙirga taku, ya ce kada ruwa ya taɓa shi. To, tun da sojoji suka rufe gadar kan iyaka, cikin kogi Idi yake yini, yana sauke kayan kwale-kwale. Kullum sai ya rataye agogon a ƙusa ya ce, "Zauna nan, kada ka jiƙe."

Da gogan ya dawo, ya leƙa ordinatarsa, wato kwamfuta, ya ce wa Baba, "Alhaji, yaronku ba ya motsi sam." Ko kafaɗun Idi bai kalla ba! Wai a raba shi da kogi, a riƙa kai shi fili yana ɗaga hannuwa. Baba kuwa ya yarda, tunda na'ura ce ta faɗa. Ni ina bayan labule, kunya ta ɗaure mini baki.

Ki gaida mutanen gida, ki sa mu a addu'a. Don Allah ki kira Baba kada ya raba Idi da kogi, yana jin maganarki. Bakin kogi ne kaɗai ake kiran Idi da sunansa.

Ƙanwarki,
Balki