Gurasar da ke Rataye a Bango

Kazan, Nuwamba 2004

Umma,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar taki? Yaya Sanobar, matar Yaya Otabek, da yaran? Ni lafiya lau. Aikin gini na tafiya, sanyi ne kawai ke fasa min hannu, shi ma na saba.

Direban da zai kawo miki wannan takarda garinmu Margilan ya faɗa min komai. Shekara tara a gidan yari aka yanke wa Yaya Otabek, don ya koya wa 'ya'yan maƙwabta Alƙur'ani a ɗakinsa. Direban ya ce ni ma sunana yana hannun hukuma, saboda haka bana ba zan zo ba. Kada ki damu, dama aiki ya yi yawa.

Umma, ranar da zan taho kin ba ni gurasa na gutsura, kika rataye sauran a bango don rabona ya jawo ni gida. Yaya yana dariya ya ce, "Kai acici, rage abin da za ka dawo ka tarar mana!" Shi kuwa an ce ranar da jami'ai suka tafi da shi ko takalmi ba su bari ya sa ba, balle ya gutsuri gurasa.

Don Allah ki sauko da tawa. Ranar ziyara ki kai masa, ya jiƙa gefe da shayi ya ciza, ki mayar da ita kan ƙusarta. In gurasa ɗaya ba za ta iya jawo mutum biyu ba, ta fara da shi.

Allah ya ƙara miki haƙuri.

Ɗanki,
Nodir