Inna a Ƙofar Laburare

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Yaya Fatakwal, yaya aiki, yaya Anti Binta da yara? Mu nan Kunci lafiya lau, mun cire gyaɗa, alhamdu lillahi.

Yaya, na ga ikon Allah. Ka san Inna ba ta son ganin yarinya zaune ba aiki. To, an buɗe laburare a sakandaren su Hauwa, 'yata, ta aro littafin labari. Muna ɓarar gyaɗa ta fara karanta mana. Da ta ajiye za ta sa hannu, sai Inna ta janye ƙwaryar ta ce, "Ni zan ɓare naki. Ci gaba!"

Ranar mayarwa ta zo ba mu kai ƙarshe ba. Wallahi Inna ta yafa mayafi ta bi ta makaranta. A ƙofar laburaren ta tuɓe takalmi, wai ɗakin ilmi ne. Ta roƙi malamin ya ƙara mako guda, ya ƙara. Yanzu ƙawayen Hauwa ma aro suke yi.

Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da kowa. Inna ta ce bana ka bar atamfar, littafi za ka riƙo.

Ƙanwarka,
Rabi