Ƙararrawar Halvard

Litinin, 6 ga Oktoba
Yau baƙi suka shiga ɗakuna shidan da na zana wa gidan halwar cocinmu. Kaurin bango kamu biyu, gilashin taga ninki uku, iska ba ta da kafar shiga. Ɗumin jikin mutum da butar shayi sun isa, ko da ƙanƙara ta rufe dutsen da gidan yake kai. Shekara uku ina fama. Ranar 3 ga Nuwamba mai awon iska zai zo, in ba yoyo a ba ni takardar shaida. Wanda ya iya, ya iya.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Kwana uku tsoho Halvard yana kaɗa ƙararrawar addu'ar safe, ba baƙon da ya fito. Shekara arba'in da ɗaya yana jan igiyar nan. Ya tare ni a ƙofar kicin: "Eivind, akwatunan gawa ka ƙera mana?" Na ce kunnen baƙi ba aikina ba ne.

Talata, 14 ga Oktoba
Gunvor, shugabar gidan, ta zauna a ɗaki na huɗu aka kaɗa. Ko kaɗan ba ta ji ba. Wai a buɗe taga. Wace tagar? Ta ɓangaren coci a kafe na yi ta, can arewa ne. Sai dai a huda bango, kuma huda ɗaya ta kashe mini takarda. Ba zan yi ba.

Asabar, 18 ga Oktoba
Kwamiti ya yanke: za a sa 'yar na'ura mai ƙara a kowane ɗaki, Halvard ya huta. Dabara mai kyau. To me ya hana ni cin abincin rana?

Laraba, 22 ga Oktoba
Halvard bai kaɗa ba yau. Kofina ya huce a hannu ina jira, kamar wawa. Na same shi yana shafa wa igiyar kitse. "Mai zuwa bayana ya same ta da laushi," in ji shi. Shi ma ya san babu mai zuwa. Shi ya kaɗa ranar da muka binne Mama, cikin ruwan sama, ba hula. Raina ya ɓaci, kuma ban san da wa ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba
Ɗakunan ba su da laifi!

Lahadi, 2 ga Nuwamba
Jiya na huda bangon arewa, duka ɗakuna shidan, faɗin tafin hannu, na sa murfin katako mai zamewa. Don shan iska ne kawai. Gobe mai awo zai zo, na san abin da zai rubuta.
Na ce wa Halvard ya gwada igiyarsa, kada kitsen ya tafi a banza. Ƙarfe bakwai ya ja. Matar ɗaki na huɗu ta fito a guje, takalmi ɗaya a hannu.
Da ya sauko ko kallona bai yi ba. "Akwatinka yana yoyo, yaro."
Na ce na sani.