Rabin Bargon Profira

Runcu, ƙarshen Oktoba

Zuwa ga matata Profira,

Gaisuwa mai yawa daga gidanki, da fatan takardar nan ta same ki da sauƙi. Yaya jikin? Hannun daman ya fara motsi kuwa? Ki gaishe mini da 'yarmu Rodica da maigidanta, da jikarmu Ilinca. Rodica, ke da za ki karanta mata, ki bi a hankali, kada ki tsallake komai.

Na koma ga alƙalami ne domin waya ba ta yi mana rana. Ni kunne ya tafi, ke kuma tun da ciwon nan ya buge ki harshenki bai saku ba. Sai mu riƙe waya muna sauraron numfashin juna. Rubutu dai malaminmu na dā ya koya mini shi da bulala, bai gudu ba tukuna.

Sanyin fari ya sauka, ya ƙone sauran tumatir. Na tone dankali, ina yi ina zama a kan bokiti. Na yanka kabeji na danna a ganga, sai dai ban san yawan gishirin da kike zubawa ba, na zuba da ka. Na dasa tafarnuwa a gefen katanga. Furanninki masu saiwa kamar rogo na tono su na kai ɗakin ƙasa, na rufe da yashi yadda na ga kina yi. Idan na yi kuskure, ki tara faɗan ki zo da shi.

Bargon auren Ilinca yana ɗakin baƙi, a ɗaure a kan katakonsa kamar ranar da kika faɗi. Jan yadin a sama, ulu a tsakiya, ganyen inabin da kike zanawa da zare ya kai rabi ya tsaya. Allurar tana soke inda hannunki ya sake ta. Na lulluɓe shi da zanen gado saboda ƙura.

Jiya maƙwabciyarmu Saveta ta kawo mini miyar wake. Ta leƙa ɗakin, ta ɗaga zanen, ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Gavril, ulu ba ya son zama haka, asu zai shige shi.” Na ce mata mai shi na nan tafe. Na ja ƙofar na sa makulli. Kin fi ni sanin al'adar garin nan: ba a kama ɗinkin mace tana raye. Sai ta mutu mata ke taruwa su ƙarasa mata abin da ta bari. Don haka ba wanda zai taɓa allurar nan sai ke.

Rodica ta ce likita na sa ran ki dawo kafin Kirsimeti. Ki daure ki ci abinci. Allah ya ƙara sauƙi.

Mijinki,
Gavril

Runcu, bayan Kirsimeti

Profira, tsohuwata,

Ina gaishe ki da gaisuwar Haihuwar Almasihu, ko da ta zo a makare. Yaya sanyin birnin Galați, can gidan Rodica? Ina fata suna rufe miki ƙafafu, kin san su suke fara sanyi. Ni dai da sauƙi, ban da tari.

Na share hanya daga ƙofa har bakin titi ranar jajibiri, na ce ko motar surukinmu za ta tsaya. Dusar ƙanƙara ta sake rufe ta kafin la'asar. Na dafa tuwon masara, na ci da cuku a tsaye.

Kurangar inabi ta shiga ƙasa da kyar. Na kwance ta daga sanduna, amma na kasa lanƙwasa ta in binne don kada sanyi ya kashe ta. Toader mai tumaki ne ya zo da shebur ya taimake ni, yana yi yana tsiya. Wai shi bai taɓa ganin mutumin da inabi ya kayar ba tun kafin a matse shi. Na yi dariya don kada ya ji kunya, amma na daɗe a zaune a ƙasa kafin ƙafafuna su yarda su ɗauke ni.

Yanzu ga abin da ke damuna. Rodica ta kira gidan Saveta, ta ce an sa auren Ilinca mako guda bayan Ista, kuma dangin ango mutanen ƙauye ne, za su duba kayan amarya ɗaya bayan ɗaya. Ta ce in buɗe wa mata ɗakin su ƙarasa bargon. Na ce a'a. Ta ce, “Baba, wannan camfin tsofaffi ne, bargo ne kawai.” Rodica, na san ke ce mai karantawa, ki karanta wannan ma, kada ki haɗiye shi. Kina ƙarama lokacin da Anica matar mai niƙa ta rasu ta bar labulen gado rabi. Uwarki ce ta fara zura allura a ciki, mata na kewaye da ita suna waƙar makoki ƙasa-ƙasa. Ta dawo gida ba ta ci abinci ba. Duk wanda ya ga mata sun shiga gidan nan da allurai, ya san abin da ake nufi. Ni ma zan sani.

Saveta ba ta bar ni na huta ba. Ta ce, “Kai tsoho, taurin kanka ya fi na akuyar Toader. So kake yarinya ta shiga gidan miji da rabin bargo, rabin jikinta a waje?” Na ce ango ya ɗumama ɗaya rabin. Ta jefe ni da tsumma. Amma da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Ni ma ba na son in riƙe allurar nan, kada ka zaci daɗi nake ji.”

Profira, daga nan zuwa Ista akwai lokaci. Kin taɓa gama bargo cikin mako biyu kina goyon Rodica. Ko da hannun hagu ne, zan riƙe miki yadin, in zura miki zare, idan idona ya ga kafar. Ki dawo kawai. Gidan nan ya yi mini yawa. Ina kwana a kicin kusa da murhu, sauran ɗakunan na bar wa sanyi.

Naki har kullum,
Gavril

Runcu, tsakiyar Fabrairu

Matata Profira,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, ki yi haƙuri da jinkirin takarda da kuma karkacewar rubutun. Na kwanta ciwo, yau ne na fara zama a tebur.

Gara ki ji daga bakina kafin Saveta ta kai miki da ƙari. Na yi tunani na ce, an hana mata kama ɗinkinki, amma ba wanda ya taɓa cewa an hana miji. Fadan cocin da ya ɗaura mana aure ya ce mun zama jiki ɗaya, to hannuna naki ne. Na buɗe ɗakin, na sa tabarau, na ɗauki allurar. Ƙarfen da kike sawa a yatsa bai shiga nawa ba sai ƙaramin.

Shekaru ina kallon ki kina yi, na zaci na iya. Ashe ido ba ya koya wa hannu. Allurar takan shiga ta sama ta ɓace a cikin ulu, in laluba ta ƙasa ta soke ni. Inda kike yin taku goma ƙanana, ni uku nake yi manya. Ganyen da na fitar bai yi kama da na inabi ba, ya fi kama da tafin agwagwa. Yadin ya tattare, ulun ya dunƙule gefe guda, kuma na bar ɗigon jini a wurare. Sa'a dai yadin ja ne. Ban hura wuta a ɗakin ba don kada hayaƙi ya kama shi, haka na yi ta zama cikin sanyi har tarin ya sauka ƙirji.

Saveta ce ta ga hayaƙi bai tashi daga gidanmu ba, ta shigo ta same ni ina rawar ɗari. Ta kira ma'aikaciyar jinya, ta yi ta ɗura mini shayi da zuma. Da ta ga bargon sai ta kama haɓa. Ta ce, “Gavril, da kaza ka sa ta yi tsatstsafa a kai da ya fi kyau.” Gaskiya ta faɗa.

Ranar Lahadi Rodica ta kira, ta ce kina son magana da ni. Aka kawo mini wayar har gado. Na ji muryarki kamar daga ƙasan rijiya, ban kama ko kalma ɗaya ba. Na miƙa wa Saveta na ce ta zama kunnena. Ta saurara, ta juya mini baya, ta daɗe. Sannan ta ce, “Cewa ta yi, Saveta ta ɗinka.” Na ce ƙarya take, sun haɗa baki da Rodica. Ta juyo, sai na ga fuskarta jiƙe. Ta ce, “Sau uku ta faɗa, tsoho. Sunana ma ya fita sarai.” Tun muna yara na san Saveta, ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar da aka binne mijinta.

Profira, me kike nufi? Idan don Ilinca ne, kina tsoron kada ta ji kunya a gaban surukai, ki ce haka, zan sayar da inabin bana tun yana ƙasa in saya mata na kanti. Idan kuma wani abu kike ji a jikinki wanda Rodica ba ta faɗa mini ba, to ki sa ta faɗa. Ni ba yaro ba ne. Ban ba da makullin ba tukuna. Na shuka tumatir da tattasai a gwangwanaye a bakin taga, sun fara leƙowa, na mutum biyu na shuka.

Ina jiran amsa.

Mijinki,
Gavril

Runcu, makon Ista

Profira, abokiyar zamana,

Ina gaishe ki, ina roƙon Ubangiji ya sassauta miki. Amsar Rodica ta iso, na gode mata da ta daina ɓoye mini. Ta ce ciwon ya sake taɓa ki a watan jiya, yanzu sai an juya ki, kuma hanyar Runcu ta fi ƙarfinki. Na karanta a zaune a kan dakalin ƙofa. Shamuwa sun dawo kan turken lantarki, suna ta gyaran sheƙa, na zauna ina kallon su har rana ta juya.

Na kai wa Saveta makullin da kaina.

Sun zo ranar Talata, su huɗu, duk abin da ya rage na masu allura a garin nan. Saveta, da ƙanwarta Maranda, da matar Toader, da Zamfira da ba ta gani sosai amma yatsunta na gani. Sun shigo da baƙaƙen kallabi. Na tare su a ƙofa na ce, baƙin kallabi ba zai shiga ɗakin nan ba, matata na numfashi. Suka dubi juna. Saveta ta buɗe akwatinki ta ɗebo naki masu furanni ta rarraba musu. Ki yafe mana, ba mu nemi izini ba.

Sun fara da warware nawa. Maranda ta ce bari a bar tafin agwagwa ɗaya don amarya ta san kakanta ya yi ƙoƙari. Saveta ta ce, “A bar shi ya jawo wa yarinya saki?” Suka cire duka. Da suka zauna sosai, allurai suka fara tafiya, sai ɗakin ya yi tsit, na ji Zamfira ta soma gunjin waƙar makokin nan a maƙogwaro, bisa sabo. Saveta ta buga katakon da tafin hannu. Ta ce, “Ba a gidan nan ba. Maranda, ba mu labarin surukarki da ta gasa kaza da hanjinta.” Haka suka yi ta gulmar mutanen gari da ƙarfi, har da waɗanda suka daɗe a kabari, don kada shiru ya samu wurin zama. Ni na fita lambu. Na tono kurangar inabi daga ƙasa, ta yi idanu, ta rayu. Na tsaya riƙe da ita ban san abin da zan yi da murnar ba.

Sun gama ranar Alhamis. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Baƙo ba zai gane inda kika tsaya ba. Ni na gane. Naki takun ya fi ƙanƙanta.

Ga shawarar da na yanke. Ɗan Toader zai kai cuku Galați ranar Asabar, ya ce akwai wuri a motarsa. Zan zo da bargon. Kaji na ba Saveta. Gwangwanayen tumatir na raba wa masu ɗinki, kowa ta ɗauki nata. Inabin na bar wa Toader ya ɗaure, ya sha rabi. Lambun ban kafta ba, karo na farko tun da muka shigo gidan nan, kuma na san kafin Yuni ciyawa za ta kai gwiwa. Ina jin tsoron birni, da benen nan mai tsawo, da zama a gidan suruki ina cin abincin da ban noma ba. Ban san ko zan sake ganin Runcu ba. Rodica, kujera kusa da gadonta ta ishe ni, kada ki wahalar da kanki.

Profira, duk hunturun nan na yi ta ce miki ki dawo, ke kuwa kina kwance kina ji, ba bakin da za ki ce mini ba za ki iya ba. Kin faɗa mini ta hanyar da kika san zan gane. Na gane. Na yi abin da kika ce, na bar su sun ɗinka. Saura ke ki yi mini nawa guda ɗaya. An gama miki aikinki, amma wannan ba sallama ba ce. Kada ki yi gaggawa. Ki jira ni, ina hanya.

Mijinki,
Gavril