Zaure Ba Ya Cin Tuwo

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Rabon Masara na garinmu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da sannu da ɗawainiyar jama'a a wannan shekara da ruwa ya ɗauke tun gero bai nuna ba.

Ni ce Hajara, matar marigayi Sule tela, ina zaune da marayu huɗu a gidan su mijina na bayan kasuwa. Da motar tallafi ta zo daga Kunci kun ce kowane gida buhu guda, yaranku suka bi gari suna ƙirga zaure. Ranka ya daɗe, gida suna ya tara.

Na farko, akwai gidan gandu irin na Malam Audu: gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Namu kuwa gidan gado ne. Tun rasuwar surukina aka raba gona, kowa ya ja danga a sashensa, zaure da rijiya kaɗai muka haɗa. Murhunmu shida. Wan mijina, Yaya Garba, ya raba buhun tsakani da Allah, amma abin da ya iso gare ni, da na juye a faifai har kajina sai da suka ɗago kai suka dube ni.

Na biyu, gidan hayar bakin tasha, inda malaman firamare da masu faci suke cunkushe da iyalansu. Buhun na mai gida ne, kuka ce. Mai gidan yana Birni, bai san launin ƙofar ba. Direba ya aiko ya ɗauke.

Na uku, maƙwabcinmu Tanko tuzuru. Gidan nasa ne na kansa, ban musa ba, sai dai a wajen mai shayi yake karyawa, a can yake cin na dare. Ya samu buhu sukutum. Yanzu har 'yan mata sun fara gaishe shi da rusunawa.

Na huɗu shi ya fi damuna. Da aka ji za a sake rabo, ƙanin mijina ya fasa katanga, ya kafa zana, wai zaure ne. Sauran ma suka ɗauki diga. Ta nan awakina suka fice suka cinye waken Malam Audu, yau ko gaisuwata ba ya amsawa. Ni ba ni da ƙarfin fasa katanga, kuma ba na so 'ya'yana su tashi a gidan da kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Roƙona, Alhaji, idan motar ta dawo, ku bar zaure ya huta. Ku turo mata su shiga gida-gida da la'asar sakaliya su ƙirga hayaƙi. Sashen da suka tarar da yara zaune amma murhu a sanyaye, don Allah a fara da shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya ba mu damina mai albarka, ya sa ka gama da jama'a lafiya.

Wassalam.
Hajara Sule, Bayan Kasuwa.