Farar Laimar da Ba a Buɗe Ba

Cabcaben, Bataan
2 ga Satumba, 1946

Zuwa ga yayana, Kuya Eulogio,

"Kada a ɗaura auren Amparo sai na zo, jirgin ruwan farko da zai taso daga Honolulu ina cikinsa." Rubutunka ne wannan, Kuya, na watan Yunin bara. Tun daga lokacin jirage sun yi ta shigowa Manila ɗauke da sojoji da gari da alfadarai, kai ne dai ba a sauke ba. Duk da haka ina gaishe ka da kyau, ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sassauta maka ciwon bayan da yankan rake ya sa maka. Mu nan lafiya ƙalau. An sake wa makarantarmu rufi, ina da yara arba'in da allo guda. Shinkafa ta yi kyau, kifi ya dawo bakin teku tun da aka daina harbe-harbe, Tiya Goring kuma, ƙanwar mahaifiyarmu, ta warke har ta koma faɗa da kowa.

Wasiƙarka ta biyu ce ta ɓata mini rai. Ka ce ka ji za a ɗinka wa 'yarka rigar aure da laimar da soja ke dirowa da ita daga jirgin sama, kai kuma ba za a kai ta coci cikin likkafanin wani ba. Ban san wanda ya kai maka wannan labari ba, amma ba ya nan ranar. Ni ina nan.

Muna kan tudu bayan gari, inda muka gudu saboda ruwan bama-bamai, Corregidor na gabanmu a tsakiyar teku. Ka san Dutsen. Na karanta tarihin ganuwoyi da yawa, ban taɓa ganin wadda aka kashe wa ƙarfi irinta ba: ramuka cikin dutse, manyan bindigogi duk sun zuba wa teku ido. Japanawan da ke ciki ma ta ruwa suke jiran baƙi. Da hantsi sai ga jiragen saman Amurkawa a jere, kowanne ya zubar da mutum shida ko bakwai ya kewayo, domin filin da ke saman Dutsen bai isa a zubar da su gaba ɗaya ba. Laimomi suka yi ta buɗewa cikin hayaƙi. Tiya Goring ta durƙusa tana cewa mala'iku ne, na ce mata mala'iku ba sa saukowa da takalmi. Iska kuwa ba ta yi musu adalci ba. Muna kallo tana kwasar wasu ta wuce da su gefen dutse, daga nan ba mu ƙara ganinsu ba.

Tiburcio, wanda kake kira "masuncin nan", shi ya gan su. Amurkawa sun ɗauke shi a ƙaramin jirginsu don ya san inda ruwa ke ja a gindin Dutsen. Can ya tarar da wani soja a cikin duwatsu, ƙafa a karye, ruwa har ƙirji, harsashi na sauka ta sama. Ya faɗa ruwa ya jawo shi. Ya ce mutumin da ransa sarai, domin tun daga duwatsun har cikin jirgi zagi yake yi, bai maimaita ko ɗaya ba. Kowane sojan laima biyu yake ɗauka, babba a baya, ƙarama a ƙirji ko da ta farkon ta ƙi buɗewa. Sojan ya kwance duka biyun ya tura masa.

Ranar da Tiburcio ya zo da iyayensa neman aure, babbar ya kawo, don a ganinsa babbar kyauta ita ce ta girmamawa. Ya baza ta a tsakar gida, koriya ce mai dabbare-dabbare. Tiya Goring ta dube shi ta ce, amarya za ka aura ko kwaɗo? Ya ruga gida ya dawo da ƙaramar jakar da ya raina, har kaza yake ɗorawa a kai. Na zare ƙarfen, sai farin siliki ya tumbatso mini a cinya, da ninkin da aka yi masa tun can ƙasarsu. Ba ta taɓa buɗewa a sama ba, babu wanda ya mutu a ƙarƙashinta. Koren kuwa yanzu rabin yaran unguwa shi suke sawa.

Ka san amarya a wurinmu ba ta gwada rigar aurenta kafin ranar, don haka dama ɗaya nake da ita, yanka ɗaya. Kai ka bar mini Amparo tana shekara shida, yanzu ashirin da ɗaya. Da yaƙi ya ƙare, da yatsu biyu nake zagaye damtsenta. Yau, mun gode Allah, tana ci tana ƙoshi, sau uku ina auna ta, kowane awo ya fi na baya. Ba zan sa almakashi ba sai an tsai da rana, ranar kuma kai ka riƙe ta. Fada ba ya ɗaura aure a makonni huɗun jiran Kirsimeti. A Janairu ƙanwar Tiburcio za ta yi nata, kuma 'yan gida ɗaya ba sa aure a shekara ɗaya. In Nuwamba ta wuce, sai Amparo ta jira 1948. Duk Asabar takan je bakin ruwa ta tambayi masu kwale-kwale ko jirgin Hawaii ya shigo, ta dawo ta ce mini, Tiya, wataƙila na mako mai zuwa ne. Wannan ne ya sa na zauna rubuta maka.

Ka gaishe mini da Kuya Macario da matarsa Ate Sinang, da ɗan baftismata Crispulo. Tiya Goring ta ce a gaishe ka, in har ka tuna ko wace ce ita. Amparo tana sumbatar hannunka.

Na yi magana da Fada, ya ba mu Asabar, 23 ga Nuwamba. Ina jiran waya daga gare ka, da sunan jirgi da ranar tashinsa, zuwa ɗaya ga Nuwamba, ranar da muke kai wa Inang, mahaifiyarmu, kyandir a kabari. In ta zo, zan gyara maka ɗakinka. In ba ta zo ba, washegari zan auna yarinyar karo na huɗu in yanka silikin, ran Asabar ɗin kuma ni zan kama hannunta daga ƙofar coci har gaban Fada. Hoto zan aiko maka.

Ƙanwarka mai yi maka addu'a, ko da tana fushi,
Perpetua